Yadda ake kare motar rimot da sauran kayan lantarki daga ruwa

A watan Agustan 2024, ambaliyar ruwa ta mamaye unguwanni da dama a garin Gummi da ke yammacin jihar Zamfara, inda ta rushe gidaje, ta kuma raba dubban mutane da muhallansu.

Hasarar da aka fi yin magana a kanta, kamar yadda ya kamata, ita ce ta gidaje da gonaki da hatsi.

To amma a duk inda ruwa ya shiga ɗaki, akwai wata hasarar da ba kasafai take shiga lissafi ba, wato akwatin rediyo da wayar salula da tocila mai caji da kayan sola, waɗanda magidanci ya daɗe yana tara kuɗi kafin ya mallake su.

A wannan yanki na Gummi da Bukkuyum da Anka, wanda kogin Zamfara ya ratsa, waɗannan kayayyaki ba na ado ba ne. Lokacin da hukumomi suka rufe layukan sadarwar salula a jihar a watan Satumban 2021 saboda matsalar tsaro, akwatin rediyo ne ya rage wa mutane da yawa a matsayin hanyar jin abin da duniya ke ciki.

Babu wata na'ura da ta fi dacewa a koyi dabarun kare irin waɗannan kaya a jikinta kamar motar wasan nan da ake tuƙawa daga nesa, wadda aka fi sani da motar rimot. Dalili kuwa shi ne ta tattara rediyo da batir da inji da allon lantarki a wuri guda da bai fi tafin hannu biyu ba, sannan ita kaɗai ce na'urar da mai ita yake kora cikin kududdufi da gangan.

Abin da ke cikin motar

Yaran ƙasar Hausa sun daɗe suna ƙera motocin wasa da kara da langa-langa da gwangwani. Daga baya wasu matasa suka fara cire ƙananan injuna daga matattun rikodoji suna liƙa musu batir, motar ta tafi da kanta.

Motar rimot ta kanti kuwa iri biyu ce. Akwai mai araha, wadda ke cika kasuwanni idan Salla ta gabato, kuma akasarinta daga ƙasar Sin ake shigo da ita, musamman daga yankin Chenghai na birnin Shantou, wanda ya yi suna wajen ƙera kayan wasan yara.

Akwai kuma ta manya masu sha'awar abin, wadda ake iya kwancewa a sauya mata kaya kamar motar gaske. Kamfanin Tamiya na Japan, wanda ya fitar da motarsa ta farko mai rimot a 1976, da kuma Traxxas na Amurka, suna cikin waɗanda suka shahara a wannan fanni.

A cikin mai araha, allo ɗaya ne ke yin dukkan aikin, wanda masu gyara ke kira fanel. A cikin ta manya kuwa an raba aikin: akwai na'urar karɓar saƙo daga rimot, da na'urar daidaita gudu, da wata 'yar ƙaramar na'ura mai juya ƙafafun gaba dama ko hagu, sai inji, sai batir.

Wannan rabe-rabe shi ne tushen duk maganar, domin kuwa kowane ɗayansu halinsa daban ne idan ya gamu da ruwa. Maganin da zai ceci wani, shi ne zai kashe wani.

Ba ruwan ne kaɗai ke kisa ba

Tataccen ruwa, wanda babu komai a cikinsa, ba ya ɗaukar wutar lantarki sai kaɗan ƙwarai. Abin da ke sa ruwa ya zama haɗari shi ne gishiri da sauran ma'adinan da suka narke a cikinsa.

Ruwan kududdufi da na fadama da na kwata cike suke da irin waɗannan abubuwa, har da ragowar takin zamani da toka da sabulu.

Idan irin wannan ruwa ya kwanta a kan allo alhali batir na haɗe, abu biyu ne ke faruwa. Na farko, wuta kan bi ta cikin ruwan ta tsallaka zuwa inda ba a nufa ba, wani lokacin ta ƙona wani sashe nan take.

Na biyun shi ne ya fi yawa, kuma ya fi yaudara. Wutar takan riƙa zaizaye siraran layukan jan ƙarfen da ke jikin allon sannu a hankali, har su tsinke, ko kuma wani abu kore ko fari ya tsiro tsakanin ƙafafun kayayyakin ya haɗe su.

Wannan ne ya sa mutum kan tsamo rediyonsa daga ruwa, ya kunna ya ji tana magana, ya yi hamdala, bayan mako biyu kuma ta mutu. Kunnawar da ya yi don ya gwada ita ce ta ƙarasa ta.

Akwai kuma wani abu da ya keɓanta da yanayi irin na arewacin Najeriya. Ƙurar hunturu takan shiga cikin na'ura ta kwanta a kan allo tun watan Disamba ko Janairu, ba tare da ta yi wata illa ba saboda iska a bushe take.

Idan damina ta kankama, musamman lokacin marka a watan Agusta, sai wannan ƙura ta tsotsi danshin iska ta zama kamar laka. Ke nan na'ura na iya lalacewa da ruwa ko da ɗigo ɗaya bai taɓa zuba a kanta ba.

Saboda haka matakin farko, kuma mafi araha, shi ne a buɗe na'ura a ƙarshen bazara a kakkaɓe ƙurar da busasshen burushi mai laushi, kafin ruwan farko ya sauka.

Na'urar karɓar saƙo

Wannan ita ce ta fi rauni, amma kuma ita ce ta fi sauƙin karewa, domin ba ta yin zafi.

Tsohuwar dabarar masu wannan wasa ita ce balan-balan. Akan buɗe bakinta a cusa na'urar ciki, a bar wayoyin lantarkin da eriya su fito ta bakin, sannan a ɗaure wuyan tamau da zare ko roba.

Inda aikin ke lalacewa shi ne tsakanin wayoyin. Komai ƙarfin ɗauri, akwai 'yar kafa tsakanin waya da waya, kuma ruwa kan bi jikin waya ya gangara ciki. Don haka akan shafa giris mai kauri a daidai wurin kafin a ɗaure, a kuma juya bakin balan-balan ɗin ya kalli ƙasa.

Motocin zamani masu tsada suna zuwa da ɗan akwati mai zoben roba a bakin murfinsa. Wanda ba shi da wannan zai iya amfani da ƙaramar robar ajiye magani ko ta man shafawa, ya huda wa wayoyin hanya, ya toshe hudar.

A nan ne ake yawan yin kuskure da silikon, wato danƙon nan da masu aikin gilashi da alminiyam ke amfani da shi. Nau'in da ya fi yawa a kasuwa yana fitar da wani wari mai tsami yayin da yake bushewa. Wannan tsamin sinadari ne mai cin jan ƙarfe, kuma idan aka kulle shi a akwati ɗaya da allo, zai yi ɓarnar da ruwan ma bai yi ba. Silikon marar tsamin wari ne ya dace da kayan lantarki.

Dabara ta uku ita ce shafe allon kansa da wani ruwa mai kama da fenti marar launi, wanda idan ya bushe yake zama siririyar fata a kan komai. Masana'antu na amfani da irinsa a kayan jiragen sama da na motoci, kuma akan yi shi da akirilik ko silikon.

Inda ba a samunsa, wasu kan yi amfani da jan farce na mata, nau'in da ba shi da launi. Yana aiki gwargwado, sai dai yakan tsattsage idan ya daɗe.

Ko da wanne aka yi, sharaɗin ɗaya ne: allon ya kasance a wanke kuma a bushe, sannan kada a shafa a bakin soket ko makunni, domin abin da ke hana ruwa wucewa yana hana wuta wucewa. Wanda ya shafe allo mai danshi ya kulle ɓarawo ne a cikin ɗaki.

Eriya kuwa dole ta tsaya a sama. Motocin zamani da yawa suna aiki ne a kan zangon gigahaz 2.4, wanda ruwa ke shanyewa sosai, saɓanin tsofaffin da ke kan megahaz 27 ko 49. Da zarar eriyar ta nutse, saƙo ya yanke, motar kuma ta tsaya a tsakiyar ruwa ko ta ci gaba da tafiya ba mai iko da ita.

Matsalar zafi

Na'urar daidaita gudu ita ce ke tsakanin batir da inji, kuma duk wutar da injin ke ja ta cikinta take bi. Saboda haka takan yi zafi, shi ya sa ake sa mata wani ƙarfe mai haƙora a bayanta domin ya riƙa fitar da zafin.

Idan aka cusa ta a balan-balan ko aka naɗe ta da leda, ba ruwa ne zai kashe ta ba, zafinta ne. A yankin da zafin bazara kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Abin da ake yi shi ne a shafe allonta, a toshe inda wayoyi suka shiga, amma a bar ƙarfen bayan a fili iska na kaɗa shi.

Wannan ƙa'ida ta shafi kayan sola kai tsaye. Na'urar da ke daidaita cajin batir da wadda ke juya wutarsa zuwa ta gida, dukkansu suna buƙatar iska. Kariyarsu ita ce a kafe su a jikin bango sama da inda ruwa ke iya kaiwa, a ƙarƙashin rufin da ba ya yoyo, ba wai a naɗe su ba.

Akwai wata illar kuma ta rufewa ruf. Duk akwatin da aka kulle, an kulle shi ne da iskar da ke cikinsa, kuma iskar damina na ɗauke da danshi. Idan na'ura ta yi zafi da rana sannan ta huce da dare, danshin kan koma ruwa a jikin bangon akwatin, kamar yadda raɓa ke sauka a kan ganye da asuba.

Wanda ya taɓa ɗaure salularsa a leda ya sa a aljihu ya wuni a gona, ya ga gumi a cikin ledar, ya san wannan. Leda na da amfani na ɗan lokaci, a cikin ruwan sama ko yayin tsallake gulbi a kwalekwale, amma ba ma'ajiya ba ce. Haka ita ma balan-balan ɗin motar, akan kwance ta bayan an gama wasa domin ciki ya sha iska.

Inji da ƙafafu

Abin mamaki shi ne injin da kowa ke jin tsoron ya jiƙe, shi ne ya fi juriya. Ƙaramin inji irin na motocin wasa zai iya juyawa a cikin ruwa mai tsabta ba tare da ya ƙone ba.

Abokan gabansa su ne yashi da tsatsa. Yashi kan shiga ya cinye cikinsa, boris kuma ya yi tsatsa idan aka ajiye shi a jiƙe. Ɗigon mai a kowane gefe bayan an busar da shi ya wadatar.

Ita kuwa na'urar juya ƙafafun gaba, akan kwance ta a cika kewayen sandar da ke fitowa daga cikinta da giris, a kuma shafe layin da murfinta ya haɗu. Wasu kan yi amfani da man basilin, sai dai yana narkewa da zafi, kuma yana lalata wasu nau'o'in roba, ciki har da ta balan-balan.

Tayoyin manyan motocin na da soso a ciki, wanda kan sha ruwa ya yi nauyi, ya sa injin wahala. Akan huda 'yan ƙananan ramuka a bayan tayar domin ruwan ya fita idan tana juyawa.

Batir

A nan ne maganar ta wuce hasarar kuɗi ta koma batun lafiya.

Motocin da ke amfani da ƙananan batura irin na rimot ɗin talabijin ba su da wani babban haɗari, illa dai ƙarafan ramin batir su yi tsatsa, ko batirin ya zubar da ruwansa idan aka manta da shi a ciki.

Amma motoci da yawa a yanzu, har da masu araha, suna zuwa ne da batirin litiyam, dangin wanda ke cikin salula. Irin wannan batir yana tara wuta mai yawa a ɗan ƙaramin jiki, kuma idan ya huje, ko ya kumbura, ko ruwa ya haɗe bakunansa biyu, yana iya kamawa da wuta mai wuyar kashewa.

Batirin litiyam da ya kumbura ya gama aiki. Ba a matsa shi, ba a huda shi, ba a kuma sake sa shi a caji. Wanda ya jiƙe kuwa sai bakinsa ya bushe sarai kafin a haɗa shi da caja, kuma ba a barin sa yana caji a kan katifa ko kusa da buhunan hatsi.

Abin da lambobin ke nufi

Masu saye kan ga an rubuta a jikin kwali cewa kaya ba ya jin ruwa. Wannan magana ita kaɗai ba ta da ma'auni.

Ma'aunin da duniya ta amince da shi shi ne wanda hukumar kula da ƙa'idojin kayan lantarki ta duniya, IEC, mai mazauni a Geneva, ta tsara, wanda ke farawa da haruffan IP sai lambobi biyu.

Lambar farko ta ƙura ce, daga 0 zuwa 6, ta biyu kuma ta ruwa. Idan ta biyun 4 ce, kayan zai jure fantsamar ruwa ne kawai. Idan 7 ce, an gwada shi a zurfin mita ɗaya na tsawon minti 30. Ke nan IP67 na nufin ƙura ba ta shiga, kuma zai jure ɗan gajeren nutso. Harafin X a gurbin lamba na nufin ba a yi gwajin wannan ɓangaren ba.

Sai dai da ruwa mai tsabta ake yin gwajin, kuma a kan sabon kaya. Salular da ta sha faɗuwa, ko wadda mai gyara ya taɓa buɗewa, ba lallai ne ta ci gaba da riƙe wannan matsayi ba. Mafi yawan motocin wasa masu araha kuwa ba su da lambar ma sam.

Idan ruwa ya riga ya shiga

Abu na farko shi ne a cire batir, ba wai a kashe makunni kawai ba. A salular da batirinta ba ya fita, sai a kashe ta, kada kuma a sa ta a caji.

Idan ruwan laka ne ya shiga rediyo ko mota, masu gyara kan ɗauraye allon da ruwa mai tsabta bayan sun cire batir. Abin na iya zama baƙo ga mai kallo, amma hikimar ita ce lakar da gishirin da ke cikinta sun fi ruwan illa. Daga nan sai a goge da burushi da sifirit mai ƙarfi, wanda ke korar ruwa ya kuma bushe da sauri.

Busarwa a inuwa ake yi, inda iska ke kaɗawa, na kwana biyu ko uku. Ba a kanga na'ura a bakin murhu, ba a kuma shanya batir a rana.

Batun binne salula a cikin shinkafa kuwa, wanda ya bazu a duniya, bai fi ajiye ta a sarari amfani ba. Kamfanin Apple ma ya shawarci masu amfani da wayoyinsa da su daina, yana mai cewa ɓurɓushin shinkafar na iya shiga ya yi ɓarna.

Gargaɗi game da dalma

Duk wanda zai buɗe na'ura ya yi gyara zai yi hulɗa da dalmar liƙi, wadda ake narkawa a haɗa waya da allo. Nau'in da aka daɗe ana amfani da shi kashi 60 cikin ɗari kuza ne, kashi 40 kuma dalma. Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da dalma a sababbin kayan lantarki tun 2006, amma har yanzu ana sayar da irin wannan nau'i a kasuwanni.

Mutanen Anka da Bukkuyum ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan wannan guba. A 2010 ne ƙungiyar likitoci ta Médecins Sans Frontières ta gano cewa gubar dalma ce ke kashe ƙananan yara a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, sakamakon niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Yara aƙalla 400 ne suka rasu, kuma sai a 2013 aka yi aikin kwashe gurɓatacciyar ƙasa a garin Bagega.

Dalmar da ke jikin allon motar wasa ba ta kai ko kusa da waccan yawa ba. To amma hanyar shigarta jiki ɗaya ce, wato daga hannu zuwa baki, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi na dalma a jinin yaro da za a ce ba shi da illa.

Don haka aikin liƙi na manya ne, a waje da ɗakin kwana, nesa da inda ake girki, kuma a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abinci. Mataccen allo da tsohon batir ba a bar wa yara su yi wasa da su, ba a kuma jefa su cikin wutar shara.

Tsofaffin baturan mota da na sola su ne suka fi kowane kayan gida yawan dalma. Idan ambaliya ta lalata su, masu sayen tsofaffin batura ake kai wa su a rufe yadda suke, ba a fasa su a tsakar gida.